Hagun Golanmu

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ita ce shekarar da garinmu Anka ya haukace a kan ƙwallon gora. Wani malamin makaranta ne ya kawo wasan. Mu dai Ba'indiye muke ce masa, ko da yake an ce ba can ce ƙasarsu ba, maƙwabta ne, kuma Musulmi ne, tare ake Juma'a da shi. Ya zo da sanduna masu lanƙwasasshen baki irin na tsofaffi, da wata farar ƙwallo da ba ta fi goriba girma ba. Na taɓa ɗaukar ta a hannu ranar da ta gangaro gindin ƙwaryata. Dutse ce. Na miƙa musu abarsu, amma tun daga ranar ban ƙara kallon abin a matsayin wasa ba.

Ba'indiyen ya tara samari, malaman firamare da ma'aikatan ƙaramar hukuma da manyan ɗalibai. Gummi da Bukkuyum su ma suna da nasu. Da an gama kaka sai a fara karawa, yau a nan, wani mako a can, har zuwa bazara a ba wanda ya yi nasara kofi. A wannan shekarar aka ƙara da cewa mutanen Sakkwato za su zo wasan ƙarshe su zaɓi waɗanda za a ɗauka ƙungiyar jiha, da albashi da ɗakin kwana.

Golan ƙungiyarmu ɗan farina ne. Yanzu da tsufa ya sauke mini nauyin baki nake iya faɗin haka. A lokacin ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in an yabe shi a gabana sai in tashi in ba su wuri. Haka uwata ta yi da ni, kuma ban ga aibun abin ba. Tun da aka yaye shi aka ba yayar mahaifinsa, wadda yara ke kira Gwaggo. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya rasu, ɗakinta na kallon nawa a gida ɗaya. Ita yake kira Inna. Ni kuwa Adda yake ce mini, yadda ya ji ƙannena na faɗi. Daga tukunyata yake ci, amma ɗan Gwaggo ne, kowa a gari haka ya sani ko haka yake nunawa.

Maigida ya tafi cin rani Kudu tun da aka sa gero a rumbu. Ni kuma ina sayar da fura a gindin tsamiyar bakin filin wasa, da nonon da wata Bafulatana ke kawo mini da hantsi. Daga inda nake zama ana ganin ragar gabas sosai.

A wasan farko da Bukkuyum abin ya faru. Ƙwauri kawai ake rufe wa gola da wasu abubuwa kamar matasai, fuska a buɗe take. Wani dogo ya ɗaga ƙwallon sama, na ji ƙararta tun daga inda nake, kamar an fasa ƙwarya da taɓarya. Yaron ya durƙusa ya riƙe girarsa ta hagu. Gwaggo ta ruga cikin fili tana salati, zanenta na ja a ƙasa. Matan da ke sayar da gyaɗa da rogo kusa da ni duk suka juyo, ba fili suke kallo ba, ni suke kallo, su ga ko zan motsa. Ban motsa ba. Na ci gaba da dama furar da ke gabana har ta tsinke ta zama ruwa, mai ita ya karɓa ya sha haka nan bai yi ƙorafi ba.

Aka kai shi asibitin sha-ka-tafi aka shafa masa magani. Kumburi ya saɓe, jinin da ya kwanta a idon ya washe, idon ya koma fari tas kamar ɗan'uwansa. Ya koma raga. Suka yi ta cin wasa, yara suka sa shi a waƙa.

Wanda ba ya kallon mutum a fuska hannuwansa yake kallo. Ni hannuwansa na sani. Na ga ya kai hannu ga ludayi ya kama iska, sai a karo na biyu ya same shi. Na ga yana zuba ruwa a buta rabi na zuba a ƙasa. Na ga in an yi sallama daga hagu sai ya juya kai gaba ɗaya, kamar kaza tana kallon shaho. Wata rana da azahar yana zaune bakin zaure yana naɗe mariƙin sandarsa da tsumma, na ɗauko akushinsa na zo na tsaya ta hagunsa, kusa har inuwata ta taɓa gwiwarsa. Na tsaya. Tuwon ya daina tururi ina tsaye. Bai san da ni ba. Da na zagayo ta dama, tun ban ƙaraso ba ya miƙo hannu.

Na sami Gwaggo tana tsince wake.

"Gwaggo, yaron nan naki ba shi gani da idon hagu."

Ta yi dariya. "Amarya, yaushe kika kalle shi har kika ƙirga mai idanu? Ai na zaci ba ki san kamanninsa ba."

"Ba wasa nike ba."

"Ni ma ba wasa nike ba. Na tambaye shi da bakina, ya ce garau shike gani. Ba'indiyen ma ya zo har zaure ya ce a kira mai uwar yaro, na fita na ce mai lahiya lau. Ke kina bayan zana kina daka, ko kin manta?"

Ban manta ba. Na ji lokacin da aka ce ana sallama da uwar gola, na ƙara wa taɓarya ƙarfi don kada in ji sauran.

"In wancan dutsen ya sami na dama fa?" na ce.

Ta ajiye faifan. "Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Yaro na gab da samun aikin gwamnati, ke kina kira mai makanta. In ubansa ya dawo ku yi wagga magana. Ɗana ne, ni aka ba."

Ubansa ba zai dawo ba sai an ga hadari, wasan ƙarshe kuwa kafin nan ne. Na aika masa saƙo ta bakin wani direba, ban san ko ya isa ba.

Na gwada ta wata hanyar. Yana cin abinci a tsakar gida, ni ina wanke tukunya na ba shi baya, na ce wa tukunyar, "Wanda idonsa ke ciwo asibitin birni shika zuwa, ba fili ba." Sai ya ce wa akushinsa, "Kowa lahiyarsa lau a gidan ga, Adda." Ya wanke hannu ya fita. Iyakar maganar da muka yi ke nan a kan abin, kuma a wurinmu ta yi yawa.

In wasa ya kai su Gummi ko Bukkuyum ba na zuwa. Sai in zauna inda nake jin ƙarar motar da ke dawo da su. In na ji waƙa, na san da ƙafafunsa ya sauko. Ranar da suka dawo daga Gummi ba waƙa. Na fito ƙofar gida ba mayafi. Ashe ci aka yi musu, ba rauni ba ne. Washegari a gindin tsamiya na ji samari na zagin mai tsaron baya, wai shi ya bar ɓangarensa a buɗe, duk ƙwallayen ta gefe ɗaya suka shiga. Na tambayi wani, kamar ba da wata manufa ba, wane gefe. Ya nuna mini da hannunsa na hagu.

Wasan ƙarshe da Gummi ne, a filinmu, bayan la'asar. An jera kujeru a inuwa don mutanen Sakkwato, su biyu, da manyan riguna. Zafi ya sa 'yan Gummi suna saukowa daga mota suka yo gindin tsamiya. Ba su san ni ba. Wa zai damu da mai fura?

"Inna, dama muna mai sanyi, yau a gidanku za mu kwashe kofi."

"Da kuɗinka dai," na ce.

Wani gajere mai faɗin ƙirji ya karɓi ƙoƙo ya juya ga 'yan'uwansa. "Kun dai ji abin da nic ce. Golan ga nasu hagunsa ramin kura ne. Kada kowa ya buga mai ƙasa. Ku ɗaga ta sama, daidai kunne, ba shi ganinta sai ta wuce."

"In ta same shi fa?"

"Shi ya kai kansa. Wa ya ce ya tsaya nan?"

Suka yi dariya. Ba mugunta ba ce, yara ne masu son kofi. Na karɓi ƙoƙunana na jera su, na rufe ƙwarya da faifai, na ce wa mai gyaɗa ta duba mini. Ta ce, "Ina za ki?" Na nufi fili.

Filin nan na sha ganin shi daga nesa, ban san yana da faɗi haka ba sai da na taka shi. Mace ba ta ratsa shi. Na ji hayaniyar bakin fili tana raguwa a bayana. Ba'indiyen na tsaye kusa da raga da usur a wuya, tare da malamin lissafi, wani Kirista ɗan Kudu da ke yi masa tafinta da gurguwar Hausarsa. Yaron na zaune a ƙasa yana ɗaura matasan ƙwaurinsa. Ta dama na zo, don haka ya gan ni tun daga nesa, hannunsa ya tsaya a kan igiya.

"Mama, ba a sayar da fura a nan," in ji malamin lissafi.

"Ka gaya wa maigidanka golansa ba shi gani da idon hagu. Ka ce mai 'yan Gummi sun sani."

Ya juya maganar. Ba'indiyen ya dube ni, ya dubi yaron, ya yi magana mai tsawo.

"Ya ce shi ya je gida da kansa. Ya ce mamansa ta ce lafiya. Ga ta can ma." Ya nuna Gwaggo, tana zaune gaba-gaba da sabon kallabi. "Ya ce ke wace ce a wurinsa?"

'Yan wasa sun kewaye mu. Duk 'yan garinmu ne, duk sun san amsar, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa. Ba wanda zai faɗa a madadina. Baƙin nan biyu kaɗai ne ba su sani ba, kuma ba da raini suka tambaya ba. Da zan iya cewa maƙwabciya ce ni, da an ce in koma gindin tsamiya.

"Ni na haife shi," na ce.

Malamin ya karkato kunne. "Mama?"

Sai da na sake faɗi, da ƙarfi, har na bakin fili suka ji. Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha illallahu." Wani ya fara dariya aka ƙwaɓe shi.

Ba'indiyen bai ƙara tambaya ba. Ya ce yaron ya tashi. Ya sa tafin hannunsa ya rufe masa idon dama, ya ɗaga farar ƙwallon a gaban fuskarsa, ya yi tambaya da Turanci. Yaron ya ba da amsa da sauri. Ba'indiyen ya saki ƙwallon a hankali cikin aljihu, ya bar hannunsa a sama ba komai, ya sake tambaya. Yaron ya sake ba da amsar nan dai. Ba sai an yi mini tafinta ba.

Mutumin ya sauke hannu. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya durƙusa da kansa ya fara kwance masa igiyoyin ƙwauri.

"Adda," yaron ya ce. Bai taɓa kallona kai tsaye ba sai ranar. "Wasa ɗaya ya rage. Ɗaya tak."

"Ido ma ɗaya ya rage," na ce, na juya.

Gwaggo ta tare ni a bakin fili. "Kin kunyata ni gaban gari. Kin kunyata kanki. Shekara ashirin ina riƙo, yau kika tuna ke kika haifa?" Na ce, "Naki ne har gobe." Na wuce na buɗe ƙwaryata.

Aka sa wani ɗalibi a raga, matasan ƙwaurin sun yi masa yawa. 'Yan Gummi ba su ma ɗaga ƙwallo sama ba, ta ƙasa suka yi ta zuba masa. Suka ɗauki kofi a filinmu suna waƙa har mota. Mutanen Sakkwato suka zaɓi gajeren nan mai faɗin ƙirji da wasu, daga Anka ba su ɗauki kowa ba. Kafin magariba maganar ta zagaye gari, cewa mai fura ta sayar da wasa. Samari suka ƙaurace wa gindin tsamiya har damina ta faɗi, nono ya yi ta tsami a hannuna, na koma sayarwa a tasha.

Akwai masu cewa har yau da na bar shi da ba abin da zai same shi, da ya tafi Sakkwato ya zama wani abu. Mai yiwuwa. Ban sani ba, su ma ba su sani ba.

Da ubansa ya dawo ya ji, bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi laifi ba. Ya sayar da tunkiya ya kai shi asibitin ido a birni. Suka ce na hagu ya riga ya mutu tun ranar da aka buge shi, ba abin da za a yi, na dama kuma a kiyaye shi kamar ƙwai. Yaron ya daɗe ba ya cin tuwona, a ɗakin Gwaggo ake dafa masa. Daga baya ya sami aikin koyarwa a wani ƙauye wajen Adabka, ya yi shekara da shekaru yana rubutu a allo da idon nan guda, ya aurar da 'ya'ya yana ganin fuskar kowane ango.