Agogon Baba Saje Da Ya Ƙi Tsayawa

Kafin sunana ya ɓaci, ni mai gyaran agogo ne a bakin kasuwar Zuru. Tebur ɗaya gare ni mai murfin gilashi, da madubin ido ɗaya, da 'yan ƙananan sukundireba da na gada wurin maigidana. Daga Danko na taso, kuma duk wanda ya san ni a lokacin zai shaida ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Ina son sana'ata so na gaske. Idan na buɗe bayan agogo na ga 'yan ƙarafa kamar ƙwayar gero suna juya junansu ba wanda ya taka wani, sai in ji tsigar jikina ta tashi, in ce lalle Allah ya ba ɗan Adam basira.

Da ƙaramin abu na fara. Mutum ya kawo agogo a sa masa sabon batir, sai in goge tsohon da ya rage da ɗan ƙarfi in sa masa. Daga nan na koma cire ƙarfe mai kyau daga agogon wani in maye da na banza. Ba wanda ya gane, ni kuwa sai na ɗauki rashin ganewarsu a matsayin wayona.

A shekarun nan kowa agogon batir yake so, mai lamba, mai fitila, mai kuka da asuba. Sojojinmu da suka dawo daga aikin kwantar da tarzoma a ƙasashen waje sun shigo da su kala-kala, samari suna ta yayi. Tsofaffin agogo masu wani kuwa, waɗanda sai an murɗa musu kai kullum, an mayar da su kayan dariya. Mutum ɗaya na sani da bai saki nasa ba, wani tsohon soja da ake kira Baba Saje, wanda ya yi yaƙin Bama tun yana saurayi. Idonsa ya yi rauni ƙwarai, kunnensa ma haka. Ya ce wani hafsa Bature da ya goya a bayansa cikin daji ne ya ba shi agogon. Kowace safiya, bayan ya yi addu'a, zai zauna bakin ƙofa ya murɗa shi, kuma bai yarda kowa a gidan ya taɓa ba. Yakan ce wa iyalinsa: "Wanga agogo da ni muka tahiya. Ran da na tsaya, kar wanda ya ba shi wani. Ku bar shi ya tsaya shi ma."

Sau ɗaya a shekara yakan kawo mini in share masa ƙura in sa mai. Ban taɓa ganin aiki irin na cikin agogon nan ba. Ya girmi mahaifina, ya sha ruwa da rana da gumin noma, amma in ka kara shi a kunne sai ka ji bugunsa daidai, ba gaggawa ba kasala. Nakan daɗe ina kallonsa kafin in rufe.

Sai aka buɗe shagon intanet a garin, lokacin da wayar hannu ta fara yawa. Mai shagon, Sani, abokina ne. Wata rana da azahar ya kira ni ya nuna mini wani shafi inda Turawa ke gwanjon agogo. Na zauna baki buɗe. Mutum yana wata ƙasa, mai saye yana wata, ba su taɓa gaisawa ba, ana ta ɗaga farashi a kan hoto kawai. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, agogon batir da muke rububi a nan ko kallo ba su ishe su ba. Tsofaffin nan da muke wa dariya su ake nema ruwa a jallo, musamman waɗanda sojoji suka ɗaura a yaƙi. Sani ya ce yayi ne, bara agogon wani kamfani ake so, bana na wani. Muna cikin duba hotunan shafin sai ga ɗan'uwan agogon Baba Saje, fuska iri ɗaya, hannu iri ɗaya. Da Sani ya juya mini farashin zuwa naira, sai da na sa ya sake lissafawa.

Da Baba ya kawo agogon a shekarar, na ce ya bar shi kwana uku. Muka ɗauki hoto, muka tura wa wani dillali a Legas da ke sayar wa Turawa, bai ko yi ja-in-ja ba ya saya. Na tono wani tsohon ƙoƙon agogo mai kama da shi cikin tarkacena, na dasa masa injin batir, na maƙala masa maɗaurin fatar da Baba ya saba ji a hannunsa, na miƙa wa Baba a matsayin nasa. Na ce wa kaina tsoho ne, ba ya gani, ba ya ji, lokaci kuma duk lokaci ne.

Bayan mako ɗaya ya dawo yana dogara sanda. Ya ce, "Ɗana, agogon ga ya bar amsa mini. In na murɗa, sai shi ta juyawa kamar ba kowa ciki."

Na ce, "Baba, mai ne na sa da yawa, shi ya sa ya yi laushi."

Ya daɗe yana fuskantata da idanun nan nasa masu hazo. Sai ya ce to, Allah ya yi albarka, ya juya. Da kuɗin agogon na sayi babur, na canza sutura, na riƙa yawo ƙauyuka har Kanya ina sayen tsofaffin agogo da ƙarya, ina cewa kayan gyara nake so.

Damina na tsakiya Baba Saje ya rasu. Iyalinsa suka cika masa wasiyya, suka ajiye agogon a kan Littafi Mai Tsarki da yake karantawa tun idonsa na gani, suna jiran ya tsaya. Kwana biyu bai tsaya ba. Mako ya wuce, wata ya wuce, yana nan yana tafiya ba wanda ya taɓa shi. Labari ya cika gari. Mutane suka riƙa zuwa daga kan duwatsu don su gani da idonsu, tsofaffin mata suna hawaye suna cewa Baba bai tafi ba. Ni ma aka ja ni na je, a matsayin masani. Na tsaya cikin ɗakin nan, kowa ya yi tsit don girmamawa, ni kaɗai na san abin da suke durƙusa wa batir ne na 'yan canji. Ban taɓa jin tsoron Allah irin na ranar ba, amma ban yi magana ba.

Ɗansa Ishaya, soja ne, ya dawo hutu. Ya kalli hannun daƙiƙa yana tsalle ɗaya-ɗaya, ya ce na babansa ba haka yake tafiya ba. Ya sa wuƙa ya buɗe bayan. A ranar 'yan sanda suka zo tebur ɗina, kuma sauran waɗanda na cuta suka fito ɗaya bayan ɗaya. Alƙali ya ba ni shekara uku.

Gidan yari ba wanda yake da agogo. Can na koyi abin da ban koya ba a shekarun da na yi ina gyaran lokaci, wato tsawon yini guda.

Da na fito na tarar duniya ta sauya. Kowa a wayarsa yake duba lokaci, an daina ko kallon tebur irin nawa. Na tafi gidan Baba neman gafara. 'Yarsa Rahila ta fito, ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce tun ranar farko Baba ya sani. Ya ce musu an sauya masa agogo, amma kar a faɗa wa kowa, mai gyaran yaron kirki ne, shaiɗan ne ya ruɗe shi, zai maido. Ta ce ko da agogon ya ƙi tsayawa, ita da mahaifiyarta sun kasa buɗe baki, don sun yi masa alkawari. Kuma har safiyar da ya cika, yana zama bakin ƙofa yana murɗa wancan na bogi, yana tambaya ko na zo.

Na nemi dillalin, ya ce ya bar harkar, yanzu agogon wani kamfani ake yayi, kuma bai san ƙasar da agogon ya faɗa ba.

Matasa, ku ji daga bakin wanda ya yi. Kada ku ɗauki abin da aka ba ku amana don mai shi ba ya gani, kuma kada farashin da kuka gani a kwamfuta ya sa ku manta fuskar wanda ya yarda da ku. In kun riga kun ɗauka, ku mayar yau. Ni na yi ta cewa sai gobe, Baba Saje yana zaune bakin ƙofa yana jirana, har aka binne shi ban je ba.