Karan Da Na Karya A Taƙin Malamin Gona

Ranar Larabar nan, bayan ruwan shuka na biyu, mu biyar ne ƙarƙashin tsamiyar gonarmu a Gulma: Baba, ƙanensa Baffa Sani, kakata Inna Hajo, malamin gona da ya zo daga Argungu kan keke, sai ni Balki, ina da shekara goma ko kusa da haka. Rumbunmu ya yi ƙasa sosai a shekarar. Ni ke shiga ɗebo gero, na san ba zai kai mu kaka ba.

Malamin ya fito da takardar bayani, ya kwance ƙullin wake ja wur da magani, ya ce iri ne, ba a ci. Ya ce wata biyu da 'yan kwanaki yake nuna, kafin gero, amma shi kaɗai ake shuka shi, a jere, ba a tsakanin gero yadda muka gada ba. Baffa Sani ya yi dariya ya ce, "Waken da ba ya yaɗo, ina harawa? Mi za mu ba bisashe, takarda?" Baba ya karɓi takardar da aka miƙo masa, ya juya ta, ya cusa a hula. Duk gidanmu babu mai karanta boko. Suka shiga gardamar harawa, malamin kuwa ya durƙusa yana gwada tazarar rami a ƙasa, ba mai kallonsa sai ni.

Na ji ya ce taƙi ɗaya tsakanin rami da rami, kamu ɗaya da rabi tsakanin layi, ƙwaya bibbiyu. Na buɗe tafina kusa da nasa, sai na ga nawa bai kai rabi ba. In na auna da hannuna, ɓarna zan yi. Na jawo karan bara na ce, "Malam, aza hannunka nan." Ya aza, na karya daidai yatsansa. Na sake kawo wani, muka auna na layi.

Baba ya ce ba zai yi kasada da gandun gida kan abin da bai taɓa gani ba. Inna Hajo ta ce, "Ku bar gandunku. Gayaunata tawa ta. Malam, ba ɗiyar ga irin, ita ɗai na gani tana kallo."

Waken nan na 'yar gonar Inna Hajo shi ya riƙe mu makonnin da rumbu ya koma fayau. Malamin ya dawo ya yi feshi lokacin da fure ya fito, kamar yadda ya alkawarta. Baffa Sani ya fi kowa cin ɗanwake, bai kuma daina cewa harawar kaɗan ce ba. Gaskiyarsa ne, shi ya sa har yau nake shuka iri biyu.

Yanzu jikokina a Birnin Kebbi cikin waya suke ganin komai, amma ka ba su iri su watsa shi kamar tsabar kaji. Ina yi musu faɗa. Malamin nan ban ko riƙe sunansa ba, Allah ya saka masa da alheri, ya jiƙan Inna Hajo.

Washegarin waccan Larabar, ana sallame Asuba na ɗauki karana biyu da ƙullin iri, na nufi gayauna. Na aza kara, na sara, na jefa biyu, na take da diddige.