Ambulan ɗin Baffa Gaétan

Wayar Baffa Gaétan irin mai murfi ce, wadda ake buɗewa a rufe kamar gwangwanin taba. Ranar da na lura da ita muna gidansa a Verdun, ana cin abincin ranar Lahadi, ya ajiye ta kusa da kwalbar gishiri. Idon kowa na kan aljihun rigarsa, inda farin ambulan na tikitin wasa ya leƙo kamar kullum. Ni kuwa wayar nake kallo, domin a wannan makon wata ƙawata ta jami'a ta je kallon hoki, wasan sanda na kan ƙanƙara, ta ce mini an daɗe da daina karɓar tikitin takarda a ƙofa, sai wanda ke cikin waya. Wayar Baffa ko hoto ba ta iya buɗewa. Dama ni a teburi ba a cika jin muryata ba.

Kujeru biyu ne na gidanmu a zauren wasan, can sama kusa da rufi, amma kujeru ne. Kakanmu ya kama su tun zamanin da lebura a tashar jirgin ƙasa ke iya biyan kuɗin kakar wasa ɗungurungum daga albashinsa. Da ya rasu suka faɗa hannun babban ɗansa, Baffa. Ban da wannan gādo, ban san abin da Baffa ya taɓa riƙewa ya daɗe a hannunsa ba. Ya sayar da darduma shagon ya rufe, ya ja tasi ya ce bayansa ba ya so, matarsa ta tattara ta koma Sherbrooke tun ina firamare. Amma a garin da mutane ke rubuta sunan jariri a layin jiran kujera, mai kujeru biyu ba ya rasa masu gaishe shi.

Wanzami ba ya karɓar kuɗinsa. Maƙwabciyarsa, Madam Lachance, tana aiko masa da gasasshen nama cikin fulawa duk Kirsimeti, tire biyu. Likitan haƙori ma yakan rage masa. Shi kuwa abin da yake biya da shi ɗaya ne: ya dafa aljihu da tafin hannu, ya lumshe ido, ya ce, "Bari mu gani, zan duba maka." Manyan mutane masu jikoki sai ka ga suna washe baki kamar an ba su kyautar gida.

Abin haushin, wasan ma bai dame shi ba. In ana kallo a talabijin gyangyaɗi yake yi, sai ihun cin ƙwallo ya tashe shi, ya zabura ya ce, "Mu ne ko su?"

Da can yakan bayar da tikiti jefi-jefi, wasan ranar Talata da ƙungiyar da ba wanda ke son gani. Shekara uku ke nan ba wanda ya samu ko wannan. Kullum akwai wani babban baƙo da ya riga kowa, wanda ba a taɓa ganin fuskarsa ba.

Wanda ya fi kowa wahala a wannan bauta shi ne mahaifina, Normand, ƙanensa. Makanikin motocin bas ne, ba mai roƙo ba. Rabonsa da shiga zauren wasa tun yana ɗan shekara goma sha huɗu, da Kaka ya kai shi. Duk ranar da dusar ƙanƙara ta zuba, sai ya loda injin kwashe ta a bayan motarsa, ya je ya share ƙofar gidan yayansa kafin ya share tamu. A wannan Lahadin Baffa ya dafa aljihu a gaban kowa ya ce, "Normand, za ka cika sittin a watan Fabrairu ko? To wasanmu da Toronto, ranar Asabar, ni da kai. Na gama magana."

Baba ya sunkuyar da kai yana murmushi. Washegari ya nemi hutun ranar a wurin aiki. Ya sayi sabuwar rigar ƙungiya, ya rataye ta a bayan ƙofar ɗaki, ko takardar kuɗinta bai cire ba.

Ana saura kwana uku a yi wasan Mama ta aike ni da miya gidan Baffa. Na same shi a kicin da silifas, ambulan na aljihu, a cikin gidansa, shi kaɗai.

"Malama Coralie, 'yar boko. Ajiye a nan. Yau ma ba za a yi mana magana ba?"

Na ajiye. Na ce, "Baffa, a wace waya tikitin yake?"

Ya dube ni, ya dubi tukunyar miya. "Wato abin da ake koya muku ke nan a jami'a, binciken aljihun manya."

"Ba a shiga da takarda yanzu, Baffa."

Ya ja kujera ya zauna. Na zaci zai ji kunya. Ina, faɗa ya kama yi da mutanen da ba sa wurin. Wai kowace shekara sai sun ƙara kuɗi, har ya kai inda in ya biya sai dai ya ci kujerun da cokali. Wai masu kwat sun cinye wasan, su sayi kujerun gaba su tafi cin kifi a ɗakin manya, su bar su wayam. Duk gaskiya ne, kowa ya san haka. Sai dai a cikin faɗan na gane shekara uku ke nan da ya saki kujerun, kuma a cikin shekarun nan bai fasa cin naman Madam Lachance ba ko sau ɗaya.

"To ka gaya wa Baba," na ce.

"Ke dai buɗe wayar taki mu ga tikitin 'yan kasuwa. Ba za a rasa mai sauƙi ba."

Na buɗe. Mafi araha dala ɗari huɗu da wani abu kowane ɗaya, a bayan ginshiƙi, kafin a ɗora kuɗin hidima. Muna cikin kallo wani ya saye, na gaba ya fi shi tsada. Baffa ya matso da fuskarsa kusa da wayar.

"Ce musu ɗari da hamsin. Gaya musu ɗan Thibodeau ne, ubana ya yi shekara arba'in a wannan wuri."

"Ba mutum ba ne, Baffa. Ba a ciniki da shi."

Ya jingina. "Ai shi Normand talabijin ya fi masa. Ana maimaita masa ƙwallo, ga bayan gida kusa. Ke ce za ki ce masa kin same ni kwance, bayana ya tashi."

"Ba zan ce ba."

"Ashe kina da baki."

Na dawo gida ban faɗa wa Baba ba. Sau biyu ina tsayawa a ƙofar ɗakinsa, in ga rigar nan a rataye, in wuce. Wannan laifina ne, kuma na sani.

Ranar Asabar aka wayi gari dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Da azahar Baba ya sa sabuwar rigarsa a kan rigar sanyi, ya ce in raka shi in dawo da mota. Sai da ya share ƙofar gidan Baffa tas, har da matakala, sannan ya ƙwanƙwasa. Baffa ya buɗe da bargo a kafaɗa, ya karkace kamar tsohuwar kujera.

"Wayyo Normand, bayan nan. Tun asuba ko takalmi na kasa sawa. Sai dai wani jiƙon."

"Sannu, Yaya. Allah ya sawwaƙe. Kawo tikitin, sai in tafi da Coralie."

"Ai da sunana suke. Ba za su bar ku ba."

"Sunanmu ɗaya, Yaya. Uba ɗaya ya ba mu shi."

Baba ya miƙa hannu, bai janye ba. Madam Lachance ta fito baranda tana kaɗe tabarmar ƙofa, tabarmar da ba ta da ƙura. Baffa ya dube ta, ya dube ni, sannan ya zaro ambulan ɗin. Gefensa ya yi baƙi saboda dafawa.

Tikiti biyu ne a ciki, na wani wasa da aka buga shekaru da suka wuce, sai takardar maganin hawan jini. Baba ya sa tabarau ya karanta kwanan watan a hankali. Ya mayar da komai ciki, ya liƙa ambulan ɗin a aljihun yayansa da hannunsa, har ya ɗan daddafa shi.

"Riƙe abinka, Yaya. Kar ya ɓace."

Ya loda injinsa muka tafi. A hanya bai tambaye ni ko na sani ba, ni ma ban ce ba. Ya tsaya ya saya mana soyayyen dankali da romo, ya ci nasa a tsanake yana kare rigar da hannu ɗaya.

Wajen la'asar motar share titi ta bi ta layin su Baffa, ta tura tudun ƙanƙara ta toshe ƙofar gidansa kamar yadda take yi wa kowa. Mama ta tura ni karɓo tukunyarta, don ta ce tukunyar ko kwana ɗaya ba za ta ƙara yi a gidan ba. Na tarar da Baffa a waje, babu bargo, bayansa a miƙe. Ya ari shebur a wurin Madam Lachance, yana kwashe tudun kaɗan-kaɗan yana zubarwa a gefen shinge.