Ƙwayar Ƙarin Jinin da Na Ba Yayata

Yayata ta haura arba'in da biyar lokacin da ta sake aure a Dogarawa, bayan rasuwar mijinta na fari. Ba ta taɓa haihuwa ba. Ni kuwa ungozoma ce a wani gidan likita a Birnin Konni, saboda haka duk wani ciwo na gidanmu wurina ake kawo shi.

Wata Laraba ta shigo motar kasuwa ta same ni wurin aiki. Ta ja ni gefe ta ce, "Auta, wata biyu ban ga al'ada ba. Duba mini, ko Allah ya yi?"

Na auna, babu ciki. Na san abin da ke faruwa, haihuwa ce ke bankwana da ita. Amma na dubi fuskarta, bakina ya ƙi faɗa. Sai na ce, "Yaya, jininki ne ya yi ƙasa." Na ɗauko jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini da muke ba masu ciki na damƙa mata, ban ko auna jinin ba.

Shekara biyu tana sha. Ta yi kukan cikinta na ɗaurewa, na ce ta yawaita zogale da ruwa.

Sai aka tura mu horo Tahoua. Wata likita ta haska mana hoton ma'ajiyar ƙwan mace da ta tsufa, duk ɗigo-ɗigo kamar tsatsa. Ta ce sinadarin ƙarfe ne ke taruwa da shekaru. Ƙwayoyin garkuwar jiki, masu share dattin wurin, su ke haɗiye shi har su cika su kumbura, wurin ya taurare. Na san ƙarfe ne a cikin abin da nake ba Yaya.

Da aka tashi na bi likitar na ba ta labari, na ce wata mata ce. Ta ce, "Ba zan ce maganin ne ya tsufar da ƙwanta ba, wannan aikin shekaru ne. Amma don me aka ba ta ba awo? Kuma an gaya mata gaskiya?"

Ranar Asabar na tafi Dogarawa. Na tarar da Yaya a tsakar gida tana ɓarar wake. Na zauna na faɗa mata komai, ina kallon ƙwaryar da ke gabanta.

Ta ci gaba da ɓarar wakenta. Can ta ce, "Sau ukku ina ce ma maigida ciki gare ni. Na bar daka, na bar ɗaukar ruwa, kar ya zube. In jinin ya dawo, in yi kuka in ce ɓari na yi." Ta karkaɗe zanenta. "Da kin hwaɗa mini, da kuka ɗaya zan yi."

Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe, har ta zuba mini fura.

Har yau duk kaka tana aiko mini da wake, muna gaisawa a waya. Amma bara da ciwon ƙafa ya kama ta, gidan likitan Malbaza ta tafi aka duba ta. A bakin mijinta na ji.