Carbin Malam da Ya Ƙi Rabuwa Shida

Shekarun baya, bayan na fita takaba, muka taru a tsakar gidanmu na Ƙofar Sauri. Akwai ni, da 'ya'yana shida, maza huɗu mata biyu, sai ɗiyar riƙona, wadda maigidana Malam ya ɗauko daga ƙauye tun ba ta iya tafiya ba. Gado an riga an raba shi yadda shari'a ta ce, ita ba ta ciki.

Abin da ya rage shi ne carbin dubu na Malam, wanda ya ba ni da hannunshi yana kwance. Zaren ya ruɓe ya tsinke, na tara 'ya'yan a kwano. Na ce a raba, kowa ya samu abin tunawa.

Babban ya shimfiɗa tabarma ya fara kasawa shida. Ni ban yi boko ba, lissafina bai wuce na mudu ba, amma idona ba ya barci. Ina kallon yarinyar nan ta koma bakin ƙofar ɗaki tana goge tiren da ba shi da datti.

Aka gama, biyar suka yi saura.

"A ba jikoki su yi wasa," in ji ƙaramin.

Na ce, "Da carbin ubanka? Zauna."

Ɗiyata mai koyar da lissafi ta ƙirga kashi ɗaya, sannan ta ce, "Inna, dubu da ɗaya ne, in an haɗa da doguwar nan ta kai. Biyu ba ta raba shi, haka uku, huɗu, biyar, shida. Sai bakwai. In an wuce bakwai, sai sha ɗaya da sha uku."

Babban ya yi dariya. "To ai shi ke nan, Hajiya, ke ce ta bakwai."

Na ce, "Ni rabin rayuwata na yi ina jin ƙarar carbin nan, har ya hana ni barcin rana. Ya ishe ni. Ƙanwarku ga ta can."

Ba wanda ya ɗaga kai. Can sai babban ya matsa gefe, ya buga tabarma da tafin hannu. "Ke, ajiye tiren nan ki zo. Ko sai an aika miki da mota?"

Ta zo tana share ido da bakin mayafi. Aka sake kasawa, kowa ɗari da arba'in da uku, ko ɗaya bai yi saura ba.

Ban ce ishara ba ce, ban da ilimin faɗin haka. Ko da ya rabu shida cif, da sai na sa an sake. Amma har yau in na tuna, sai in ji kamar Malam ne ya rage mini faɗa.

Washegari da safe na sayo zare mai ƙarfi, na hau Keke Napep zuwa gidan auren ɗiyar riƙon nan tawa a Kambarawa. Nata na fara shiryawa, tana miƙo mini ɗaya bayan ɗaya, ina yi mata faɗa ta daina kuka kada ta jiƙa mini zare.