Burkutun da Na Dafa wa Baba a Lyon

Mahaifina bai taɓa yin salla ba. Anne ne na ƙasar Arewa, irin waɗanda suka riƙe al'adar kakanni, kuma mahaifiyata kafin ta rasu ita ke dafa wa duk ƙauyenmu burkutu. Ni na musulunta lokacin aurena, na bi maigidana zuwa Faransa, muka zauna a hawa na shida na wani bene a Rillieux-la-Pape, kusa da birnin Lyon.

A shekara ta 1984 ciwon ciki ya kama Baba, maigidana ya sa aka kawo shi Lyon don a yi masa aiki. Bayan an sallame shi daga asibiti sai ya daina cin abinci. In na kai masa tuwo, ya dube shi ya ture. Wata safiya ina gyara masa shimfiɗa ya ce, "Ɗiyata, ko kin iya abin nan da uwarki ke dafawa?"

Na ce, "Baba, ai ka san yanzu ba na taɓa shi."

"Ban ce ki sha ba," in ji shi. Ya juya fuska bango.

Kwana uku ina juya maganar a raina kafin na gaya wa maigidana. Ya ce, "Mahaifinki ne. Amma kada tukunyar ta haɗu da tukwanen abincinmu, kuma kada ki sa ni ciki."

A Lyon ban samu jar dawa ba, sai da na hau jirgin ƙasa zuwa Paris. A unguwar Barbès akwai wani Alhaji ɗan Maraɗi mai sayar da hatsin gida. Muka gaisa, ya tambayi jikin tsoho, ya auna mini.

"Kunu za a dama wa mai jinya ke nan, Hajiya?"

Na ce e. Har na koma gida ƙaryar nan tana damuna fiye da nauyin buhun.

Ni dai kallo kawai na taɓa yi, ina ƙarama. Na jiƙa dawar, na shimfiɗa ta cikin bahon wanka, na lulluɓe da jiƙaƙƙen zane don ta tsira. A gida kwana uku ya isa. Nan, da sanyin watan Nuwamba, kwana biyar babu ko alama. Na matsar da ita kusa da ƙarfen ɗumama ɗaki, sai ta tsira, amma gefe guda ya yi funfuna. Na zauna ina tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ina tunanin ko wannan funfunar ce za ta kashe mutumin da likitoci suka ɗinke wa ciki. Ba wanda zan tambaya. Baba kansa shan ta ya sani, bai san dahuwarta ba.

Na busar, na niƙa a injin kofi kaɗan-kaɗan, na dafa, na bari ta kwana ta yi tsami, na sake dafawa. A dahuwa ta biyu ne wari ya cika gidan har matakala. Maƙwabciyata, wata Hajiya 'yar Chadi da muke zuwa kasuwa tare, ta ƙwanƙwasa ƙofa. Ta tsaya tana shaƙar iska.

"Ƙanwata, wannan ba warin kunu ba ne."

Na gaya mata gaskiya, ina kallon ƙasa. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya yafe miki." Ba ta shigo ba. Ta ci gaba da gaishe ni bayan haka, sai dai ta daina aiko mini da kwano ranar Juma'a.

Mahaifiyata takan zuba ragowar tsohuwar giya cikin sabuwa don ta tashi. Ni ba ni da ita, sai na sa yis ɗin burodi. Wuni guda tukunyar shiru. Na buɗe ta ya fi sau goma, ina jin na ɓata komai, kuma wani ɓangare na zuciyata yana fatan ta lalace in huta. Washegari da hantsi na tarar ta yi kumfa tana ɗan tsaki. Ko ta yi daidai, ban sani ba, tunda ba zan ɗanɗana ba.

Na tace na kai masa cikin kwano. Ya shinshina, ya kurɓa, ya riƙe a baki.

"Tsami ya yi yawa," ya ce. "Kuma kin yi gaggawar sauke ta."

Ya ƙara kurɓa biyu ya ajiye. Na zauna gefensa har la'asar ina jiran in ga ko zai yi amai. Bai yi ba. Ranar ya ci ɗan tuwo, ya kuma ba ni labarin yadda ya fara ganin mahaifiyata a kasuwa, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Bai sake tambayar burkutun ba. Na zubar da sauran, na fitar da tukunyar bola. Da damina ta kusa ya matsa sai an maida shi gida, don yana son a yi shuka yana nan. Ya rasu kafin a cire amfanin gona. Saƙon ya iso mu bayan kwana tara da binne shi.