Sandar da Baba Tanderu Ya Warkar

Shekara ashirin da shida Baba Tanderu yana gasa abin da ba a ci. A gidan burodi ya koyi wuta, daga nan wani surukinsa ya samo masa aiki a cibiyar binciken nukiliya, aka miƙa masa farar riga da dogon awartaki da tanderu mai kai digiri dubu da ɗoriya. Idan matarsa ta tambaye shi ainihin aikinsa, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Jinya."

Kuma ba ƙarya ya yi ba. 'Yan sanduna ake kawo masa, baƙaƙe, tsawon ashana, na wani tangaran mai taurin tsiya da ake kira silikon kabaid. Ana cusa su cikin tukunyar nukiliya, tururinta ya yi ta dukansu har ƙwayoyin cikinsu su goce daga mazauninsu, sandar ta yi kumburin da ido ba ya gani. Shi kuma ya sa su a wuta, ƙwayoyin su koma gurbinsu. Farfesan da ya ɗauke shi aiki ya taɓa zana masa wannan a bayan ambulan. Wallahi ko layi ɗaya bai gane ba, amma ya riƙe kalma guda: warkewa. Abin da ke ɗaure masa kai shi ne takardar da ke biyo kowace sanda: ƙara zafi digiri hamsin, fitar, a auna, mayar, ƙara hamsin. Mako uku ana abin da yini ɗaya ya isa! A ganinsa tsoron wuta ne kawai irin na 'yan boko.

Akwai wata ɗaliba mai neman digirin dakta, yana ce mata 'yata, tana ce masa Baba. Duk digirin nata ya rataya a kan sanda ɗaya tak, wadda ta yi shekara uku a cikin tukunya. Ranar da aka fito da sandar, ɗalibar ta leƙo ɗakinsa a gurguje, ana jiranta a taro.

"Baba, ga ta nan a akwatin dalma. Lokacin warkewarta ya yi."

Ba takarda. Baba ya dubi akwatin, tausayin yarinyar ya kama shi, duk ta rame saboda karatu. Haba, ita ma sai an ja mata rai mako uku? Ya zura sandar, ya murɗa wuta.

Washegari da safe ta shigo da takarda a hannu, ta tarar da sandar a faranti, ta huce.

"Baba, wa ya fito da ita?"

"Ni mana. Dubu da ɗari biyar na ba ta. Ko farfesa ban taɓa yi wa irin wannan gashin ba."

Ta kai sandar na'urar awo, ta auna sau uku.

"Ta koma tsawonta na ranar da aka yanke ta."

"To alhamdulillahi!"

Sai ya ga ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Baba," ta ce, "hamsin-hamsin ɗin nan ba wasa ba ne. Inda kumburin ya fara saɓewa, nan ne ke nuna mini zafin da ta sha a cikin tukunya. Shi zan rubuta. Yanzu duk ya goge."

"A mayar da ita tukunyar mana, a ƙara dukanta."

"Shekara uku, Baba. Wata huɗu ya rage mini."

Ya sunkuya ya ƙura wa sandar ido. Sumul, ba tsagi, ba tabo, aikin da ko yau aka ce ya sake, haka zai so ya fito. Kunya ta rufe shi, kansa kuma ya ƙara kullewa.

"'Yata, tsaya in fahimta. Dama ba lafiyarta kuke nema ba?"

Ta goge ido da hannun riga, ta girgiza kai.

"Ciwon nake karantawa, Baba."